Farcen Hannun Dama

Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara koyon jita, a lokacin da ko masu kalangu na gado suke kaffa-kaffa da sana'arsu. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, kiɗan biki ya ja baya, wasu makaɗan ma sun ƙetara iyaka neman abinci. Ni kuwa malamin gona ne a Sandamu, da mata da 'ya'ya biyar, kuma ɗan gidan malamai. A zuriyarmu ban taɓa jin wanda ya ɗauki ko gwangwani ya kaɗa ba.

Jitar ta wani abokin aikina ce, mutumin Filato, mai kula da siton taki. Bayan an gama rabo siton yakan zama wayam, ba kowa sai gafiyoyi. Wata rana da hantsi na je karɓar takarda, na jiyo kiɗa a ciki, mai sanyi, ba hayaniya. Na zaci mutum biyu ne ke yi, da na leƙa sai na tarar da shi kaɗai a kan buhu. Babban yatsansa na tafiya a kan wayoyi masu kauri, dum, dum, dum, dum, sauran yatsu uku suna tsinkar sirara suna fitar da waƙa. Na tsaya a bakin ƙofa har na manta da takardar. Gaskiya abin ya shiga raina, kuma ban yi wani ƙoƙarin fitar da shi ba.

Na ce ya koya mini. Ya dube ni, ya dubi gemuna, ya yi dariya.

“Malam, kai fa ɗan liman ne.”

“Ɗan liman ba shi da yatsu?”

Haka muka fara, kullum rabin awa bayan azahar, a rufe ƙofa. Satin farko kan yatsun hannuna na hagu suka yi jawur saboda danna waya, ko maɓallin riga na taɓa sai na ji zafi. Daga baya suka yi kanta, na huta. Babbar wahalar tana hannun dama. Babban yatsa aikinsa daban, sauran nasu daban, kuma dole su tafi tare. Nawa kuwa kamar an haɗa sa da jaki a garma ɗaya: in wannan ya motsa sai wancan ya tsaya kallo. Sau biyu na ajiye jitar na ce aikin banza ne, washegari kuma ni ke riga shi zuwa.

Abokin nawa ya ba ni shawara biyu. Ta farko, in bar babban yatsa ya riƙa ƙirga bugu huɗun nan na dum, dum, dum, dum, ko'ina nake, a kan gwiwa, a kan babur, a kan tebur, har ya iya ba tare da ni ba. Ta biyu, farcen hagu a yanke shi har nama, na dama kuma a bar shi ya ɗan fito, don shi ke sa waya ta yi magana.

Ta farkon ba ta da wuya. Ta biyun ce ta jefa ni cikin tsaka mai wuya, domin tun ina yaro duk Juma'a nake yanke farce. Akwai wani dattijo mai yankan farce da ke zama gindin darbejiya kusa da masallaci, shekara da shekaru shi ke mini. Ranar da na miƙa masa hagu na noƙe dama, sai ya ɗaga almakashi ya tsaya.

“Dama fa, Malam? Laifin me ta yi?”

Na ce da ita nake ɓare gyaɗa in duba iri. Ya ce shi dai bai taɓa ganin gyaɗar da ta gagari yatsa ba, amma ilimin boko da yawa yake. A gida ma uwargida ba ta bar ni ba. Ta san komai, don ban ɓoye mata ba. Duk sanda na sa hannu a tuwo, miyar kuka ta maƙale a ƙarƙashin farcen, sai ta turo mini tsinke ta ce a gai da shaho.

Wannan duk wasa ne. Wanda nake tsoro Baba ne. A lokacin idanunsa sun tafi, ya bar limanci, amma bai bar jam'i ba. Ni ne ɗan farinsa, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce “kai”. Ni ke kai shi masallaci asuba, la'asar da magariba, da ranar Juma'a. Sanda a damansa, hannunsa na hagu a cikin damana. Tafiyar ba ta da nisa, kuma ba ma yawan magana, amma duk abin da nake yi a rana babu wanda nake so kamarta. Baba kuwa ba ya faɗa. Lokacin da ƙanena ya shiga siyasa ba da son ransa ba, sai kawai ya daina karɓar buta daga hannunsa har shekara ta zagayo. Na san in ya gane ɗansa na fari ya zama makaɗi, abin da zai yi kawai shi ne ya kira wani ya kai shi masallaci.

Da farcen ya fito sosai, sai na yi dabara irin ta marar wayo. Na koma ɓangarensa na dama, na mayar masa da sanda hagu, na ba shi hannuna na hagu. Na ce gefen can babura sun yi yawa, gara in tare masa. Ya kama hannun muka tafi. Kwana huɗu muna tafiya a haka, ina yaba wa kaina. Sam na manta cewa a hagun ne kanta take, huɗu reras a kan yatsu, kuma makaho da hannu yake karatu.

Ranar Juma'a da hantsi na shigo zaure in taimaka masa ya sa babbar riga. Yana zaune a kan buzunsa.

“Kai, zauna. Kawo hannuwanka, duka biyun.”

Na durƙusa na miƙa. Ya bi yatsun hagu ɗaya bayan ɗaya yana latsa kantar. Ya koma dama, ya shafa kowane farce a hankali, har gefen da nake gogewa da takardar goge katako ta kafinta.

“Molo ne ko garaya?”

“Jita ce, Baba. Ta Turawa. Waya shida.”

“Waya shida,” ya maimaita. “Ka zaci farcen ne zai tona ka? Wata uku ke nan babban yatsanka yana kiɗa a bayan hannuna, daga ƙofar gida har ƙofar masallaci. Huɗu-huɗu. Da fari na ɗauka tasbihi kake, sai na ji ba ya kaiwa talatin da uku.”

Na sunkuyar da kai, ina jira ya ce in kira masa ƙanena.

Ya ce, “Maganar kiɗa ka san inda na tsaya, kuma ba zan matsa ba don kai. Kada ta shigo gidan nan. Kada kiran salla ya same ta a cinyarka ka ce bari in ƙarasa. Farce kada ya kwana arba'in ba a rage shi ba, ruwan alwala kuma ya shiga ƙarƙashinsa. Sauran tsakaninka da Ubangijinka ne, kai ba yaro ba ne.”

Na ce na ji, na gode. Ya ɗaga hannu, alamar bai gama ba.

“Abin da ya ɓata mini rai daban ne. Kwana huɗu kana ba ubanka hagu. Wa ya koya maka wannan?”

A nan hawaye suka zo mini, da gemuna da komai. Duk tunanina yana kan kiɗan, ban taɓa tsayawa na dubi abin da na yi ba: ni da ko goro ba zan miƙa wa sa'ana da hagu ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce in ɗauko rigar, lokaci na tafiya.

Har yau ban zama gwani ba. Abokin nan an yi masa canjin wurin aiki, ya bar mini jitar, tana nan a ofis bayan kabad, ba ta taɓa ganin zauren gidanmu ba. Kiɗa biyar na iya, shida in an haɗa da wanda nake tuntuɓe a tsakiyarsa, kuma sun ishe ni. Duk Juma'a ta huɗu nakan miƙa wa mai yankan farce dama ya ɗan rage, yana yi yana tambayata lafiyar gyaɗa.

Amma a waccan Juma'ar da Baba ya gano ni, da muka fito, na tsaya a hagunsa kamar da, na ba shi dama. Na danne babban yatsana ƙam, ko motsi ban bari ya yi ba. Muka wuce masu sayar da rake, muka wuce famfo, mutane na gaishe shi yana amsawa. Mun kusa darbejiya sai ya ɗan girgiza hannuna.

“Kai, sake shi mana.”

“Na'am, Baba?”

“Yatsan. Ba na ganin fuskarka. Da shi nake gane hankalinka a kwance yake.”

Na sake shi. Ya ci gaba da ƙirga huɗunsa a bayan hannun Baba, har muka cire takalma.