Kawu Bawa da Farar Ƙasata

Duk wanda ya san Kawu Bawa a Tsafe ya san ba ya zama sai ya kara akwatinsa a ƙasa ya saurari ƙas-ƙas ɗinsa. Shekaru ya yi yana tuƙa malaman jami'a zuwa daji ɗiban ƙasa, ya yi ritaya da tsohuwar na'urar awo da suka bar masa, ita ce akwatin. Ya ce ƙasa tana fitar da wani tururi da ido ba ya gani. Wani Allah ya halitta cikin duwatsu, wani kuwa ruwan sama ya sauko da shi daga gwajin bam na zamanin da.

Batir kuwa, ai sai ya shanya shi a rana sau uku kafin ya yarda ya mutu. "Suma ya yi," in ji shi.

Da wani manomi daga Nahuce ya zo neman auren 'yarsa, Kawu bai tambayi asali ba.

"Koma ka kawo min ƙasar gonarku."

"Baba, ƙasa?"

"Ɗiyata dawarku za ta ci, ba sunan kakanka ba!"

Ni ma na faɗa hannunsa. Ina da ciki na uku, biyun farko sun zube, ga kwaɗayin farar ƙasa da mata ke haƙowa a dajin Kucheri. Ya kama ni ina gaigaya a bayan rumbu.

"Hauwa'u! Mi kike ci?"

"Kawu, ɗan kaɗan ne."

Ya ƙwace, ya kara akwatin. Ƙas... ƙas. Wallahi sai na dafe ciki na ce shi ke nan, da bakina na kashe wannan ma.

Mutumin da ke takawa har Kucheri don kada ya hau babur, ranar mota ya shiga da ƙasar zuwa Gusau, wajen ɗaya daga cikin malaman da ya tuƙa a da. Kwana biyu ban iya cin tuwo ba. Ya dawo yana faɗa tun daga zaure.

"Tururin bai wuce na tsakar gidanga ba. Amma ke gara ce? Tashi mu tahi awo!"

A asibiti aka ce jini ne ya yi mini ƙaranci, aka ba ni magani. Har na haihu kullum sai ya aiko da zogale, ba tare da ya auna ba ma.

Yarinyar tana aji uku na sakandare yanzu, kimiyya take karantawa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa ƙasar da ta rufe shi ta yi masa sanyi.