Shayin Baba a Bakin Tasha

Shekarar da malamai suka yi ta yajin aiki aka rufe mana lise, makarantarmu ta sakandare a Maraɗi, na dawo gida Madarumfa. A shekarar ne aka gano Baba yana da ciwon suga. Ni na raka shi asibiti, don ni kaɗai ke jin Faransanci a gidanmu, kuma ni lokotoro ya kalla yana jero abin da aka hana: sukari, madarar gwangwani, burodi da yawa, duk abin da aka soya. Baba yana zaune yana gyaɗa kai kamar zancen wani ake yi. Da muka fito ya tambaye ni ko mutumin ya ambaci kifi. Na ce ya ambata. Muka shiga mota.

Na karɓe girkinsa daga hannun Inna. Kunu ba sukari, tuwon dawa, miyar kuka da ba ta ga mai ba. Yakan ci loma uku ya sa mini albarka ya ture kwano. Ina ta murna ya ji magana. Sai da aka yi sati biyu na lura cewa in ya fita sallar asuba ba ya dawowa sai rana ta ɗaga, kuma yana dawowa da maiƙo a gemu.

Teburin mai shayi yake zuwa, a bakin tasha, inda motocin Ɗan Issa ke lodi. Tun ban san kaina ba Baba ke zama a bencin nan da abokansa. Mai shayin yakan zuba madara har kusan rabin kofi, sukari cokali uku, ya tsaga burodi ya cusa wainar ƙwai. In hantsi ya yi masunta suka fito daga tafki, akwai wata mata da ke tuya a rumfar gefe. Karfasa na motsi za ta gyara ta, ta jefa a mai, ta barbaɗa yaji, ta naɗe a takardar siminti. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma in na wuce sai yawuna ya tsinke.

Da na tare shi da maganar, ya rantse mini bai sayi ko kofi ɗaya ba tun da muka dawo daga asibiti. Kuma gaskiya ya faɗa. A bencin nan ba wanda ke saya wa kansa. Wanda ya riga zama shi ke cewa a haɗa wa wanda ya zo bayansa. In aka ce maka bismilla ka naɗe hannu, to ko kana riƙe da mutum a zuciya, ko kana zargin zai sa maka wani abu. Kuma magidanci ba ya zama cikin tsaransa ya ce ba shi da lafiya.

Na kai ƙara wurin Inna. Ta ce shekara talatin tana gidan nan ba ta taɓa tambayarsa abin da ya ci a waje ba, kuma ba a kaina za ta fara ba. Na je wurin mai shayin da la'asar, lokacin ba kowa, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na roƙe shi ya riƙa haɗa na Baba ba sukari.

"Ƴar lakwal," ya ce, yadda suke kiran ƴan boko, "in miƙa wa Malam ruwan zafi tsura a gaban mutane? Su ce na raina shi ko su ce na fara ƙwauro?"

Ya yi mini alkawari zai rage. Ina jin ya rage rabin cokali.

Sai ƙaya ta soki Baba a babban yatsan ƙafa a garka. Ƙaramin ciwo ne, amma ya yi wata bai rufe ba. Wata safiya na gan shi yana wanke wurin a ɓoye bayan rumbu, yatsan ya yi baƙi. Washegari ban jira ya dawo ba, na yafa mayafi na nufi tasha.

Mace ba ta tsayawa a gaban teburin nan. In an aiko ta, gefe take raɓewa ta miƙa kofi, idonta a ƙasa. Ni na tsaya a tsakiya, ko gaisuwa ban yi ba. Maza bakwai ne a benci. Na ce Baba yana da ciwon suga, lokotoro ya hana shi duk abin da ke kan teburin nan, kuma duk wanda ya sake cewa a haɗa masa shayi kashe shi yake yi.

Babban abokinsa, wani tsohon direba, ya ce a hankali, "To, Malam, ashe lokotoro gare ka a gida." Ba wanda ya yi dariya.

Kofin Baba yana hannunsa, ya sha rabi. A lokacin na gane wautata. In ya ajiye, ɗiyarsa ta ba shi umarni a gaban mutane kuma ya bi. Ya ɗaga ya shanye har ƙasa, ya ajiye, ya goge baki.

"Uwata, tafi gida," ya ce. Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.

Bai yi mini faɗa ba. Kwanaki muka yi ba abin da ke haɗa mu sai amsa gaisuwa. Abin da na samu dai shi ne yanzu duk tasha ta san Malam ba shi da lafiya, kuma a garinmu mara lafiya abu mai daɗi ake ba shi. Mai shayi ya ƙara masa madara don ya yi ƙarfi. Mai tuya ta koma ware masa kifin da ya fi kowanne girma. Ba mugunta suke yi ba, sonsa suke, kuma ban san yadda ake faɗa da wannan ba.

An yanke yatsan a Maraɗi bayan girbi. Muka dawo da shi ba ya iya takawa sai da sanda. Kunya nake ji in faɗa, amma na ji sanyi a raina: ko ba komai, ba zai iya kai kansa tasha ba.

Kwana uku da dawowarmu, da sassafe, aka yi sallama a zaure. Direban ne da mutum uku, sun zo dubiya. Sun riƙo butar shayi, da burodi, da kifi a takarda, mai ya huda ta. Inna ta ce in kai kofuna. Na ce ba zan kai ba.

"Baƙi ne a zaure," ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Na wanke manya huɗu, na nemo wani ɗan mitsitsi na ajiye a gaban Baba. Direban ya duba, ya girgiza kai, ya ce ba a ba mai gida ƙaramin kofi. Ya ɗauke shi ya mayar gabansa, ya tura wa Baba nasa, ya cika shi har baki.