Kujerar da Ta Jira Wata Biyu

'Yata ta fari bakwaini ce. Ta zo a ƙarshen damina, saura wata biyu lokacinta ya yi, kuma sai da ta yi kusan sati uku a kwalba a babban asibitin Azare kafin aka miƙo mini ita muka tafi gida. Duk wadda ta zo barka sai ta ɗaga gefen zani ta leƙa, ta yi ɗan shiru, sannan ta ce Allah ya raya. Na san abin da shirun yake nufi. Damtsen yarinyar bai fi babban yatsan ubanta kauri ba.

Amma ta kama nono, kuma ta riƙe shi da gaske. A wajen awo an ce mana nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ɗiga mata. Na bi wannan magana sau da ƙafa, har lokacin da zafi ya shigo, mata suka fara ce mini ina azabtar da baiwar Allah da ƙishirwa. Ni dai ina ƙirga watanni a raina. Na ɗauka ranar da ta cika wata shida, ranar za ta shiga sahun sauran yara, a daina kallonta da tausayi.

Ɗinki nake yi a gida. Maƙwabciyata, wadda ta haihu sati ɗaya bayana, tana cikin masu kawo mini aiki. Nata namiji ne, ya cika watanninsa tara cif. Wata rana na kai mata rigarta, sai na tarar da shi zaune daram a cikin wata kujera mai dogayen ƙafafu, da faranti a gabansa, yana dukan farantin da hannu biyu, bakinsa duk kunu. Uwar ta ce tun shekaranjiya ya fara, kuma ba ya jira a kai masa cokali, shi yake biyo shi. Na yi mata murna, na fito. A hanya na ji tawa a bayana kamar ban goya komai ba.

Da maigidana ya dawo daga aiki na ce masa ina son irin kujerar nan. Ma'aikacin ofis ne a kwaleji, mutum ne marar yawan magana. Ya dubi yarinyar a kan katifa ya ce, "Ba ki ganin da ɗan saura?"

Na ce, "Jibi za ta cika wata shida, Malam. Me kuma za a jira?"

Ranar kasuwa muka tafi tare. Shagon kayan jarirai na wani Alhaji ne ɗan asalin Borno, dattijo, Hausarsa da karin Barebari. Ya fito mana da iri uku. Akwai ta roba mai siraran ƙafafun ƙarfe da ake naɗewa, akwai ƙarama da ake ɗaurawa a kan kujerar manya, sai wata ta katako mai nauyi da ba ta da wani ado. Idona ya tafi kan ta robar, don ita ce irin ta maƙwabciyata.

Alhaji ya ce, "Hajiya, kada ki saya da ido. Kama ta ki girgiza."

Na girgiza, ta yi rawa. Na girgiza ta katakon, ko motsi. Ya nuna mini cewa ƙafafunta sun buɗe ta ƙasa, yaro ko ya yi tsalle ba za ta kife ba. Ya nuna mini maɗaurin da ke ratsawa ta tsakanin cinyoyi don kada yaro ya zame ta ƙarƙashin faranti, da ɗan katakon da zai taka, ya ce yaron da ƙafarsa ke lilo ba ya natsuwa ya ci abinci. Ya zare farantin ya mayar, ya ce in lura, duk abin da ba ya cirewa a wanke, ƙuda ne zai gaje shi. Ban taɓa zaton akwai ilimi haka a cikin kujera ba.

Sai ya zagayo ya leƙa bayana. Ya daɗe yana kallon yarinyar.

"Ta fara zama?"

Na ce, "Ta kusa."

Ya ce, "To ki bari ta zauna tukuna. Kujera tana nan, ba inda za ta."

Raina ya ɓaci. Na ji kamar shirun nan na ranar barka ne ya biyo ni har kasuwa. Na ce ni dai a ba ni ta katakon. Maigidana ya sallami Alhaji, aka ɗaure kujerar a bayan keke napep muka dawo.

Washegari da hantsi na dama kunun gero da gyaɗa, na tace shi sau biyu, na bari ya huce. Ranar Asabar ce, maigidana yana gida. Na sa ta a kujerar na ɗaure. Ina sakin hannuna ta karkace gefe guda, haɓarta ta sauka a ƙirji. Na cusa zani ta nan, na cusa ta can, har ta yi kamar ta zauna. Cokali na farko ta turo shi waje da harshe. Na biyu ma haka. A na uku na ɗan matsa cokalin ciki.

Ta ƙware. Idonta ya firfito, bakinta a buɗe, ba kuka, ba numfashi. Na fizgo ta, na manta a ɗaure take, kujerar ta biyo ni. Maigidana ne ya ɓalle maɗaurin, ya kifa ta a hannunsa ya bubbuga bayanta. Kunun ya fito ta baki da hanci, sannan ta tsala ihu. Abin duka bai fi a ƙirga goma ba.

Kwana huɗu na yi ban faɗa wa kowa abin da ke raina ba. Ba ƙwarewar ce ta fi damuna ba. Tunanina shi ne, yaron da ta girme shi da sati yana zaune yana ci, ita ko wuyanta ta kasa riƙewa. Na fara tuna yaran da na taɓa gani a unguwa, waɗanda suka girma ana ɗaukarsu. Na ce ko zuwan da ta yi da wuri ya taɓa mata wani abu a ka. Na tura kujerar lungu, na riƙa jibga mata yadukan mutane don kada in gan ta. Ko mahaifiyata ban kira ba. A gidanmu ba a nuna damuwa a kan ɗan fari, kunya ce, kuma ni ma a haka na tashi.

Maigidana ya lura na daina taka keken ɗinki. Ya ce, "Gobe ranar awo ce. Na nemi izini a ofis, tare za mu."

Ma'aikaciyar jinyar da muka samu babbar mace ce, kowa Sista yake ce mata. Ta san yarinyar tun tana kwalba. Ta ɗora ta a sikeli, ta rubuta a kati, ta ce nauyi yana tafiya yadda ake so. Ni kuwa sai na fashe da bayani, na faɗi komai, har da cokali na uku.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Watanta nawa?"

"Shida da 'yan kwanaki."

"Wannan lissafinki ne. Ita a jikinta huɗu take." Ta ɗaga yatsu shida, ta lanƙwashe biyu. "Wata biyun da ya kamata ta yi a cikinki, a waje ta yi su. Ba a sa su a lissafi idan ana maganar zama da rarrafe. Yaron maƙwabciyarki ya girme ta da kusan wata biyu, ko da ke kika riga haihuwa."

Na ce, "Sista, ba wanda ya taɓa faɗa mini."

Ta ce, "Wataƙila an faɗa ranar da aka sallame ku. Wace uwa ce ke jin magana a ranar?"

Ta kwantar da ita rub da ciki, yarinyar ta ɗago kai ta dogara da hannuwa tana kallonmu. Ta kaɗa mata makullai, ta bi su da ido dama da hagu, ta miƙa hannu. Ta tura mu wajen likita ma don hankalina ya kwanta, shi ma ya duba ya ce bai ga abin damuwa ba. Da muka dawo Sista ta ce in daina kallon kalanda, in kalli yarinyar. Idan wuyanta ya tsaya, tana zama da ɗan tallafi ba ta kifewa, tana kai hannu ga abin da muke ci, kuma ta daina turo abu da harshe, to lokaci ya yi. Kafin nan nono, da maganin ƙarin jinin da aka rubuta mata, kuma in riƙa kawo ta awo duk sati biyu a ga yadda take.

A waje, ƙarƙashin darbejiya inda masu acaɓa ke tsayawa, na zauna a kan benci na yi kuka sosai. Maigidana ya tsaya riƙe da ita, yana ta ce wa masu tambaya, "Lafiya lau, wallahi lafiya lau." Kuma gaskiya ya faɗa.

A ranar na kira mahaifiyata. Inna a Hardawa take, Bafulatana ce, ta haifi tara ta raini takwas. Bayan kwana biyu sai ga ta da ƙullin gero da man shanu a kwalba. Tun kafin ta zauna ta ce, "Na ji an ce yaye za ki yi wa ƙawata?"

Na ce, "A'a Inna, abinci ne zan fara haɗa mata da nono."

"To ki riƙa faɗin magana daidai. Yaye sai ta taka ƙasa da ƙafarta, kuma ni za a kawo wa."

Da na kwashe yadukan na nuna mata kujerar, ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Wannan ai ta alƙali ce." Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba, wai ni kaina sai da na kusa wata takwas kafin na zauna, ni da na cika watannina. Ta ce kakata har ta fara cewa ragguwa aka haifa musu.

Inna ta yi sati shida a wurinmu. Kullum da safe sai ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta kwantar da yarinyar rub da ciki, ta ajiye ludayi a gabanta inda hannunta ba zai kai ba. In ta gaji sai ta miƙe ƙafafu ta zaunar da ita a tsakani, bayanta jingine da cikinta, tana yi mata hira da Fulatanci. Ban ga ranar da abin ya canza ba. Na dai lura wata rana cewa hannun Inna ba ya riƙe da ita, tsintar wake take yi da hannu biyu, yarinyar kuma tana zaune.

Lokacin mangwaro ya kama. Wata la'asar maigidana ya dawo da leda guda, ya wanke ɗaya ya zauna a tabarma da ita a cinyarsa. Ya kai baki ke nan sai ta damƙi hannunsa da hannu biyu ta jawo, ta kafa baki a inda ya gatsa. Ya ce, "Ku zo ku gani!" Ta tsotsa, ta yamutsa fuska, ta girgiza kai kamar an cuce ta, sannan ta sake jawowa. Na tsaya ina jiran ta turo da harshe. Ta haɗiye.

Ban yi gaggawa ba wannan karon. Na jira ranar awo, Sista ta duba ta, ta ce bismillah, a fara da kaɗan, abu ɗaya a lokaci guda, kuma kada in bar ta ita kaɗai a kujera ko na ƙiftawar ido. Washegari na goge kujerar na sa ta. Ta zauna tsaf, ba zani ko ɗaya. Ƙafarta ba ta kai wurin takawa ba, sai Inna ta naɗe ɗankwali ta ɗaura a kai. Na ɗebo kunun. Inna ta ce, "Kada ki kai mata. Tsaya a nan, ta zo da kanta." Na tsayar da cokalin kusa da leɓenta. Ta dube shi, ta dube ni, ta buɗe baki ta matso.

Cokali biyu da rabi ta sha. Sauran ya ƙare a gashinta da wuyan rigata, don ta gano cewa faranti yana ƙara idan an mare shi. Na kira maigidana a ofis na gaya masa. Ya ce, "Biyu da rabi? Rabin fa?" Na ce rabin yana hancinta. Na ji yana dariya, yana maimaita wa abokan aikinsa.

Bayan sati ɗaya ta ƙi kunun gaba ɗaya. Ta rufe baki gam, ta kau da kai. Na dubi Inna, ita kuwa ta tashi ta ciro yankan kabewa daga tukunyar miyar taushe kafin a sa yaji, ta murƙushe shi da ɗan man shanu. Yarinyar ta cinye tas, ta riƙe cokalin ta ƙi saki. Inna ta ce gobe in sayo kabewa babba, kuma in zaɓi mai ja sosai, ta fi zaƙi.