Inda Bitrus Ke Ajiye Amfilifaya

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Bitrus. Shi ne mai kaɗa jitar bes a cocinmu da ke Herwagana, wato jitar nan mai kaurin murya da ke riƙe wa mawaƙa taki. Yana da wata tsohuwar amfilifaya, irin wadda ake kira kombo, inji da sifika a akwati ɗaya. Nauyi gare ta kamar buhun masara, ga mummunan fenti. Bayan rasuwarsa ta yi shekara biyar tana aiki a inda ya saba ajiye ta, babu mai ɗaga ta saboda nauyi, kafin ta ƙone, matasa suka sayo sabuwa, ƙarama, suka ɗora ta a kan tebur can saman dandamali. Kowa ya yaba. Muryarta tas, kuma da hannu ɗaya ake ɗaukarta.

Mama ce kaɗai abin bai yi wa daɗi ba. Ta daɗe da rasa jinta, amma ba ta taɓa fasa waƙa da zumuntar mata ta cocinmu ba, kuma ba ta kuskure taki. Mun ɗauka baiwa ce kawai. Da sabuwar amfilifaya ta zo, sai ta fara shiga waƙa kafin lokaci, ko a gama ta ci gaba ita kaɗai. Wata Lahadi aka yi 'yar dariya a baya. Ba ta ji ba, amma ta gani. Daga ranar ta naɗe zanen zumunta ta sa a akwati, ta ce ƙafa ke damunta. Matar da ke zuwa kasuwa a ƙasa.

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ni malamar makaranta ce, ban san komai a kan kayan kiɗa ba, amma na yanke cewa ƙaramar nan ce mai laifi. Na tattara Mama da Iliya, wanda ya gaji Bitrus a bes, muka hau keke mai ƙafa uku zuwa shagon wani Alhaji ɗan Katsina mai sayar da kayan sauti.

Guda uku ya fito mana da su. Babbar tana da gurnani, har kwanon shagon yana karkarwa, sai dai sautin a dunƙule yake fita. Ta tsakiyar maɓallai ne birjik, ana haɗa ta da waya, tana ma buga ganga da kanta. Da Bitrus ya gan ta, na san zai tambaya ko tana dafa tuwo. Na kama hannun Mama na ɗora a kan kowacce, ta girgiza kai ta koma ta zauna a bencin shagon.

Ta ukun irin ta cocinmu ce sak. Na ce kada ma a ɓata lokaci, Iliya ya ce bari dai ya gwada. Shagon a cushe yake, don haka Alhaji ya ture ta gefe har ta jingina da ƙafar bencin. Iliya ya jona jitarsa ya fara kaɗawa. Sai ga Mama tana buga ƙafa, daidai, ba gaba ba baya.

Alhaji ya kalle ta, ya kalli bencin, ya ce, "Malama, ku a coci a ina kuke ajiye taku?"

Na ce a kan tebur.

"To ai ba sabuwa kuke buƙata ba. Ku sauke ta ƙasa, ta taɓa katakon da Mama ke zaune. Ta jikinta take ji."

Kuka ne ya zo mini. Shekara da shekaru Bitrus na jan wannan akwati daga dandamali yana manna shi da bencin zumunta, wayoyi a kan hanya, mutane na tuntuɓe. Ni ce kan gaba wajen yi masa faɗa, har na taɓa kai ƙararsa gaban dattawa, na ce taurin kai ne. Murmushi kawai ya yi ya ba da haƙuri, Lahadi ta zagayo ya mayar da shi wurin. Bai gaya wa kowa ba, don kada Mama ta san taimakonta ake yi.

Yanzu kayan sauti sun cika gari, kowace coci daga Dawaki har Tumfure na gasar wadda za a fi jiyowa daga titi. Ba na jin Bitrus zai ƙi sabbin kayan, ya sha ciwon baya da tsohuwar. Amma na san zai fara duba wanda ke zaune a ina kafin ya taɓa maɓalli. Wannan halin ne ya bar mana, kuma na ga Iliya ya fara ɗauka.

Lahadin da ta biyo baya, ni da hannuna na sauko da amfilifayar na manna ta da bencin zumunta, na tare hanya da ita. Mama ta zo da zanen zumunta, ta yi waƙa uku ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da aka tashi ta sa aka kira mata Iliya. Ya zo ya durƙusa yana jiran yabo.

Ta dafa kansa ta ce, "Ɗana, kana da hannu. Amma ka rage sauri, ba kasuwa za mu ba."