Jakar Ɓarayin Italiya

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a unguwar Limawa ta Dutse, wata Asabar ba za ta taɓa fita raina ba. Ina aji biyu a sakandare, Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Abin da na fara gani da na isa gidan maƙwabciyarmu shi ne tarin silifa a bakin ƙofa, har da wani ƙafa ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Ma'aikaciyar asibiti ce 'yar Filato, Anti muke ce mata, kuma a layinmu ita kaɗai ke da bidiyo. A ranar ne mijinta ya zo da kaset daga Kano, fim ɗin Italiya, wanda babu mai jin ko kalma ɗaya a cikinmu.

A tsarin kallonmu dole a sami mai fassara, kuma yayana ke riƙe da wannan muƙami, don kawai ya taɓa yin wata uku a Legas. Ya tsaya gefen talabijin yana kumbura murya: "Waɗannan riƙaƙƙun 'yan fashi ne, gwal suka sace, yana cikin jakar nan. Mai hular nan kuwa ɗan sandan ciki ne, ba ya yafiya!" Mata suka riƙe baki.

Ni ina lungu bayan kujera, ina kallon abin da ba a fassara ba. Kiɗan dai na tsoro ne, amma ɓarayin sun sha wahalar haura katanga da igiya alhali ga ƙofa a buɗe. Shi kuma ɗan sandan ya duƙa yana bin sawu, yana ta zagaye wuri ɗaya, ashe sawun takalminsa yake bi. Dariya ta kuɓuce mini.

"Ke! Ana maganar kisa kina wage baki?" in ji Yaya. "Anti, a fitar da ita, kuma kar ta sake zuwa."

Bayan makaranta, ɗakin nan ne kaɗai inda Baba ya yarda in je. Anti ta tsayar da fim ta ce, "Me ya ba ki dariya, 'yata?"

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu! Kaina a ƙasa na ce, "Anti, ai wasa suke yi, finafinan 'yan sanda suke tsokana. Kuma babu gwal a jakar nan. A tashar jirgi suka yi kuskure suka ɗauki ta wata tsohuwa. Tasu ba ta da jan ƙyalle a mariƙi, wannan kuwa tana da shi."

"Ji ta! Yaushe kika je Italiya?" in ji Yaya.

"Kai yaushe ka je?" Anti ta mayar masa. "In gwal ne, ta fita. In ba shi ba ne, ka ba ta wurinka."

Aka saki fim. Ogan ɓarayin ya kulle ƙofa, ya share zufa, ya buɗe jakar a hankali. Sai ga taliya, da tumatir, da haƙoran roba na tsohuwa. Ɗaki ya ɗauki shewa, wata ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Yaya ya sosa ƙeya ya ce, "Da ma zan faɗa," aka sake yi masa dariya.

Tun ranar na gane cewa mai shiru ba wawa ba ne, kuma ƙarar murya ba ita ce sani ba. Abin da idonka ya gani, in ka tabbata, faɗe shi ko muryarka na rawa.

Da na tsaya gefen talabijin a wurin Yaya, Anti ta ce, "To Malama, mu ci gaba?"

Na ce, "Anti, don Allah a mayar da shi farko. An hana mutane dariyar rabin fim."