Tambaya Mai Goyo

Mun ɗan yi nisa da Gwaram ke nan direban ya waiwayo ya ce, "Malam fa tun safe ba abin da yake faɗa sai a kira masa Hadiza."

Gabana ya faɗi. Sunan mahaifiyarsa Baba ya sa mini, don haka tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, Uwani yake ce mini. Wasu maza biyu ne suka same ni a firamaren da aka tura ni koyarwa bayan na gama sakandare, cikin sabuwar farar mota irin waɗanda suka cika titi tunda kuɗin mai ya shigo. Suka ce Baba ya yanke jiki ya faɗi a gona, yana kwance a asibiti a Birnin Kudu. Ko mayafi ban gyara ba na shiga.

To, ko zafin ciwo ne ya sa ya ambaci sunan? Ina wannan saƙe-saƙe sai Iya, mai sunan nawa, ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na Kiyako, da an idar da sallar isha'i lokacin sanyi, Iya takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa cikin toka. Mu jikoki mu yi ta ture juna, kowa na son wurin da ya fi kusa da ƙafarta. Amma kafin ta ba mu tatsuniya sai ta ɗana wa wani tarko. Ranar nan ni na faɗa.

"Takwara, wa ya taya ki shanye nonon da na ajiye?"

"Ba kowa, Iya!"

"Af! Ashe ke kaɗai kika shanye, 'yar nema!"

Aka fashe da dariya, ni kuwa har da hawaye, don ko ƙwaryar ban gani ba. Ta jawo ni jikinta, ta ɓare mini gyaɗa.

"Irin wannan tambaya mai goyo ce," in ji ta. "Idonki na kan uwar, ba ki lura da ɗan da ke bayanta ba. Kina cewa ba kowa, kin karɓi goyon, kin yarda ke kika sha. To ku matso, tatsuniya ta iso da zafinta."

Wai wata akuya ce ta tafi cin kasuwa, ta kulle 'ya'yanta a ɗaki. Kura ta zo bakin ƙofa, ta maƙale murya. Nan Iya takan toshe hanci ta kwaikwaye ta, mu yi ta kyarma muna dariya. "Innarku ce ta aiko ni, ta ce ku buɗe in kai ku, ta samu dusa buhu guda." Manyan har sun kama sakata, sai autarsu ta ce, "Ƙahon Inna da ya karye, ya daina yi mata zogi?" Kura ta ce, "Ya daina, ai ni na ɗaure mata shi." Uwarsu kuwa tun haihuwarta ba ta da ƙaho.

"Da 'yar aiken gaskiya ce, me za ta ce?" Iya ta tambaye mu.

"Wane ƙaho!" muka haɗa baki, har kaji suka farka a akurki.

A lokacin wasa na ɗauke shi. Ko a sakandare ban koyi abin da ya kai shi amfani ba, amma sai a bayan motar nan na sani, gonaki na wucewa da gudu. Wanda ya san gidanku shi ke ture goyon ƙarya. Baƙo karɓa yake yi, don sauri yake ya amsa.

Na daure na ce, "Iya fa, kakata? Ta daina kukan?"

Na gefen direba ya yi caraf. "Ta daina, da ƙyar muka rarrashe ta. Tana nan zaune gefen gadonsa."

Iya da muka rufe tun ina aji ɗaya!

Ban yi ihu ba. Na ce Allah ya saka da alheri, na ɗora hannu a marfin ƙofa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Allah ya taimake ni, mun iso wani ƙauye ranar kasuwarsa, babbar mota ta tare hanya ana loda buhunan gero. Direba na taka birki na ɓalle ƙofa, na bar takalmi ɗaya a ciki, na faɗa tsakiyar mata masu fura ina cewa, "Ku riƙe ni! Ban san su ba!" Wata dattijuwa ta lulluɓe ni da zanenta. Kafin maza su taru, motar ta juya ta yi gaba da ƙura.

Gidan mai gari aka kai ni, aka tura mai babur Kiyako. Ruwa ma na kasa sha. Duk ƙarar mota sai in ƙanƙame matar mai garin.

Bayan la'asar na ji sallama a zaure, muryar da na sani. Ga Baba tsaye da ƙafafunsa, ƙasar gona har gwiwa, hularsa a karkace.

"Tashi," ya ce. "Sun tafi, an kuma sanar da 'yan sanda. Kin tsira, ba abin da zai same ki."

Na durƙusa zan gaishe shi, bakina ya buɗe zan ce, "Baba, ya jiki?" Sai na kama kaina. Wane jiki? Ashe har wannan lokacin ina ɗauke da goyon da mutanen nan suka ɗora mini.

Na share hawaye na ce, "Baba, ya gona?"

Ya ce, "Gona lafiya. Kin dai sa na bar rabin kunya ban nome ba."