Angon Tarwaɗa na Dala

Idan na ce muku a zamanin ƙuruciyarmu tarwaɗar kududdufan Kano takan kai tsawon ƙyauren zaure, za ku ce Ilu ya fara. To, na fara ɗin. Matata ma cewa take yi kifayen labarina kowace shekara sai sun ƙara taƙi guda, wai ko bayan an cinye su kiwonsu nake yi. Amma wannan da zan ba ku, ko na barbaɗa masa gishiri, namansa na gaske ne.

A Dala aka haife ni, gidan dukawa, 'yan shekaru kafin a sami mulkin kai. Lokacin ganuwa tana nan da tsayinta, kuma kowace unguwa da kududdufinta, domin duk gidan da ka gani a birni akwai ramin da aka haƙo ƙasarsa. Da damina ramukan nan su cika, kifi ya bayyana a ciki, ba wanda ya san ta inda ya biyo.

Kakana Malam Inuwa baduku ne, mai ɗinkin sirdi da jakunkuna. Ba masunci ba ne, kuma in ka kira shi haka sai ya ɓata rai. Fatsa yake yi don nishaɗi. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, ya saɓi gorarsa ya nufi wani kududdufi da ke wajen Ƙofar Kabuga, mu jikoki muna biye kamar 'yan tsaki. A can zai tarar da aminansa biyu. Akwai Ɗanlami marini, wanda ruwan baba ya rine hannuwansa har gwiwar hannu. Akwai kuma Sidi mai turare, jikan Larabawan nan da suka zo fatauci ta hamada suka zauna a birni. Siriri ne, fari, mai ɗan gemu, kuma tunda nake ban ga mutumin da ya iya shirya ƙarya da fuskar liman kamarsa ba.

A bakin ruwan nan na sami ilimin da ba a koyarwa a allo. Tanar da aka tono a gindin randa ta fi ta juji, don ta fi ƙiba da laushi. Kafin ka jefa ƙugiya ka ɗan tofa wa tanar yawu. Kada ka bari inuwarka ta faɗa kan ruwa. Ɗan guntun kara da ake ɗaurawa a zare, in ka ga yana rawa, karfasa ce take wasa da kai, kada ka fizga. In ya nutse gaba ɗaya, to tarwaɗa ce ta zo, ka ce bismillah. Ranar da aka kwana ana ruwa, kududdufi ya yi ja, ranar ce ta mai rabo. Kowace dabara kuwa sai an yi musu a kanta.

"Ɗanlami, janye hannun nan naka daga ruwa," in ji Malam, "kar mu kama kifi shuɗi a ce mun yi sihiri."

"Kai dai kama ko fari ne mu gani. Wanda ka kamo wancan makon ai uwarsa tana nan tana cigiya."

"Wannan da sai da na kira Sidi ya riƙe mini ƙugu?"

"Na riƙe ka ne don kar barci ya jefa ka ruwa," in ji Sidi.

Malam shi ne sarkin tsokanar. Ba wanda bai raɗa wa suna ba. Sai ga wata damina da kifi ya juya masa baya. Ɗanlami ya kama, Sidi ya kama, har wani yaro mai lanƙwasasshiyar allura ya kama, Malam kuwa ko kwaɗo bai gaishe shi ba. Nan Sidi ya ga ƙofa.

Ya matso, ya rage murya, ya ce, "Malam Inuwa, ni na gano matsalar. Hannunka warin jima yake yi, kifi kuwa da hanci yake farauta. Kakana ya ce a Tarabulus ba mai jefa ƙugiya sai ya ɗiga wa tana turare."

Malam ya dubi Ɗanlami. Ɗanlami ya gyaɗa kai a natse, ya ce shi ma ya taɓa jin haka wurin wani mahajjaci. Sidi ya zaro 'yar kwalba daga aljihu ya miƙa masa, kyauta.

Haka kakana, dattijo mai furfura, ya yi makonni yana shafa wa tana turare. Tanar gidanmu ta fi amaren Dala ƙamshi. In ya jefa ƙugiya, wallahi kana iya ganin kifi suna ƙaura zuwa ɗaya gefen da kayansu a ka. Asiri ya tonu ne ranar da Malam ya juyo da gaske ya tambayi Sidi ko tarwaɗa ta fi son miski ko sandal. Ɗanlami ya yi ta maza, ya cije leɓe, ya kasa. Ya faɗi yana birgima. Sidi kuwa hawaye yake yi yana cewa, "Ango, Angon Tarwaɗa, a yi haƙuri, amarya ta ce ba ta shirya ba."

Kafin magariba sunan ya riga mu shiga birni. Washegari yara suna rera shi a lungu, masu tallan fura suna ƙunshe dariya in sun wuce ƙofar gidanmu. Malam ya rataye gorarsa a bayan ƙyaure, ya ce shi da kududdufi har abada, shi da Sidi kuma sai a lahira. Sidi ya zo zaure ya yi sallama, Malam ya ce a ce ba ya nan, alhali ana jiyo motsinsa daga ciki. Ya aiko da goro, aka mayar. Gidanmu ya yi tsit. Mutumin da dariyarsa take tashin kurciyoyi daga kan soro ya koma huda fata kawai yana tsaki. Mu yara abin da ya dame mu ke nan: shin Malam zai koma wurin abokansa, ko Juma'armu ta mutu?

Kakata Iya ba ta ce masa komai ba. Ita ba ta yin gardama da rana. Makaminta tatsuniya.

Bayan an ci tuwo mukan taru a rumfar girkinta. Ruwa yana sauka ta indararo, ita tana gaban murhu tana juya masara a kan garwashi, hasken wutar yana wasa a kan tsagen kumatunta. Ni takan kira ni mijinta, kamar yadda kakanni suke yi da jikoki. "Matso nan, mijina mai ƙaton kai, kar hayaƙi ya ƙara maka baƙi." Ba ta buɗe labari yadda kowa yake buɗewa. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

A daren da nake ba ku labari, na lura ta ja kujerarta ta juya ta wajen ɗakin Malam, wanda ƙofarsa take a buɗe, fitila tana ci a ciki. Ta kuma ɗaga murya fiye da kullum.

Ta ce a da can, kifaye suna da majalisa a ƙarƙashin kainuwa. Kullum su taru su yi ta tsokanar juna. A ce wa Tarwaɗa mai gashin baki ba gemu, a ce wa Karfasa buhun ƙaya. Wadda ta fi kowa baki ita ce Gaiwa. Rannan sai Tarwaɗa, babbar ƙawarta, ta dube ta ta ce, "Ke kuwa waɗannan zaruruwan da suke reto a jikinki, hannuwa ne ko mazagin wando?" Majalisa ta fashe da dariya. Gaiwa ta ji zafi. Ta nutsa ƙasa, ta haƙa rami a cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta rufe ƙofa. Tarwaɗa ta zo ta yi sallama, ta ce a ce ba ta nan.

Nan muka ji an yi gyaran murya daga ɗakin Malam. Iya ta juya masararta.

Ta ce rani ya zo, ruwa ya janye, Gaiwa tana ciki tana fushi. Magina suka zo haƙar ƙasa, suka kwashe ta da lakar, suka cuɗa, suka yi tubali, suka ɗora ta a bangon wani gida. Ta shekara, ta sake shekara, tana jin hirar mutane ta cikin bango, ba mai tsokanarta, ba mai sanin tana nan. Aikinta ɗaya, shirya amsar da za ta ba Tarwaɗa. Ta gyara ta, ta wasa ta, har ta zama amsar da in aka faɗe ta kududdufi zai ƙafe don dariya.

"Wace amsa ce, Iya?" na tambaya.

"Ci masararka, mijina. Ba kai aka shirya wa ba."

Ta ce wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bangon ya zube, Gaiwa ta sulale ta bi kwata har kududdufi, amsarta a bakinta. Ta tarar da majalisa cike, amma duk sababbin fuska. Suka miƙe suka ba ta wuri. "Sannu da zuwa, Baba. A kawo wa Baba abin zama." Kowa yana girmama ta. Ta ce ina Tarwaɗa mai gashin baki? Suka dubi juna. Wata tsohuwar karfasa ta ce, "Ai ta daɗe da tafiya. Kullum takan je bakin ramin nan naki ta yi sallama, har ranar da ƙugiya ta ɗauke ta."

Iya ta tura itace cikin wuta.

"Shi ya sa har yau in aka kama gaiwa za ku ji tana wani ɗan gurnani. Amsar nan ce take so ta faɗa, ba mai karɓa. Baƙuwa ta tashi, a naɗe tabarma."

Sai muryar Malam daga ɗaki: "Wannan ƙarya ce. Kifi ba ya jin magana ta cikin bango."

"Ni da jikokina nake," in ji Iya. "Wanda yake cikin bango kuwa, ga shi ya ji."

Ranar Juma'a muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Malam ya fito da farar rigarsa ta salla, ya naɗa rawani, ya juye kusan rabin kwalbar Sidi a jikinsa. Ƙamshin ya kai Ƙofar Kabuga kafin mu kai. Ya saɓi gora, ya bi ta tsakiyar unguwa, duk yaron da ya buɗe baki zai rera sunan sai Malam ya riga shi: "A ba ango hanya."

Mun tarar da su biyu a bakin ruwa, zaune shiru kamar masu zaman makoki. Sidi ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Malam ya tsaya a kansu ya ce, "Ina waliyyin amarya? Na gaji da jira, yau sai ta tare."

Sidi ya ɗaga kai. Ya yi dariya har ta zame masa tari, tarin ya daɗe, Malam ya durƙusa da farar rigarsa a cikin laka yana shafa masa baya. Da ya lafa, Sidi ya ce, "Ango, ka makara. Har na fara nema mata wani mijin."

"Wa zai aure ta bayan ka lalata mata hanci?"

Malam ya cuɗa hannunsa da laka sosai don kashe ƙamshin, ya sa tana tsurarta, ya tofa, ya jefa. Kafin la'asar ta yi sanyi kara ya nutse. Tarwaɗar da ya jawo, na rantse sai da ruwan kududdufin ya ragu. Matata ta ce in daina cewa ta kai ƙyauren zaure, to mu ce ta kai tabarya. Ɗanlami ya yi guɗa irin ta mata da ƙatuwar muryarsa, Sidi ya ce amarya ta tare, a kai wa Iya ta ga abokiyar zama. Rabin kifin gidan Sidi aka kai.

Suka ƙarasa daminar nan tare, ba Juma'ar da ta wuce su. Kafin wata daminar ta zo, Sidi ya rasu. Sai daga baya na ji cewa Iya ta san da ciwon da ya yi ajalinsa tun farko, matar Sidi ce ta gaya mata a gidan suna, ta roƙe ta kada maza su ji, don shi ba ya son a zo masa da fuskar tausayi. Iya ta riƙe amana. Ba ta faɗa ba, sai dai ta aiki Gaiwa da saƙon.

Ranar jana'iza, da aka gama suturta shi, Malam ya zaro 'yar kwalbar nan daga aljihu, ya juye sauran turaren a kan likkafanin. Ɗanlami ya ce ya ji shi yana cewa a hankali, "Yau kai ne angon."

Yanzu an cike kududdufin, an yi gidaje a kai, da mai sayar da katifa a daidai inda Sidi yake zama. Ni ma ga furfura, ga tumbin da abokaina suke cewa shi yake fara yin sallama kafin in iso. Wani lokaci maganar takan yi zafi a majalisarmu, in dawo gida ina huci, in ce na bar majalisar nan. Sai in fita waje, yaran unguwa su rusuna su ce, "Sannu Baba, a kawo kujera?" Nan take sai in ji sanyin laka a bayana. In koma ciki in ɗauki hulata.

Matata ta ce, "Ba ka ce ka bar su ba?"

In ce, "Na bar su. Amsa kawai zan kai musu, tun da sauran mai karɓa."